Saƙon Sabunta Kwamfuta da Amanar da Ke Cikinsa

Duk mai aiki da kwamfutar tebur ko laftof ya san ɗan saƙon nan da ke leƙowa daga kusurwar allo, galibi a daidai lokacin da mutum ya duƙufa kan wani aiki, yana cewa akwai sabbin gyare-gyare da ke jiran a sauke, ko kuma an riga an sauke su, saura a kashe na'urar a sake kunna ta. Amsar da yawancin mutane ke ba shi ita ce "sai anjima". Anjima ta zama gobe, gobe ta zama wata mai zuwa, har ido ya saba da saƙon ya daina ganinsa. Wasu masu gyara ma, tun ranar da suka ɗora wa mutum Windows, sukan toshe hanyar sabuntawa ɗungurungum, su ce masa sun raba shi da abin da ke shanye masa data, shi kuma ya yi godiya har ya ƙara musu na goro. Abin da nake so in kafa a nan shi ne, cikin duk abubuwan da mai kwamfuta zai iya yi don kare kansa, babu wanda ya kai karɓar facin tsaro a kan kari sauƙi da amfani. Amma ƙin da mutane ke yi wa saƙon nan yana da dalilai na gaskiya, kuma kaso mai tsoka na laifin yana wuyan kamfanonin da suka cusa buƙatun kasuwancinsu cikin saƙon da ya kamata a keɓe wa tsaro.

Babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, ko Windows ce ko macOS ko ɗaya daga cikin dangin Linux, tarin umarni ne da ya kai miliyoyin layuka, kuma mutane ne suka zauna suka rubuta su. Aiki mai wannan girma ba ya rasa kuskure. Mafi yawan kurakuran ba sa wuce su sa firinta ta ƙi amsawa ko wata manhaja ta daskare, amma wasu kan zama kafar da wani daga can wata duniya zai bi ya shigo, ya karanta abin da ke ciki, ko ya mallake na'urar baki ɗaya. Idan aka gano irin wannan kafa, masu manhajar kan rubuta ɗan gyara su aiko da shi, wannan shi ne faci. Tun daga 1999 ake da rajista ta duniya mai suna CVE, inda ake ba kowace kafa da aka gano lambarta, domin kowa ya san abin da ake magana a kai. Kamfanin Microsoft kuma tun Oktoban 2003 ya tsayar da Talata ta biyu a kowane wata a matsayin ranar fitar da facinsa, saboda masu kula da kwamfutocin ofisoshi su san ranar da za su shirya mata. Saƙon da ke leƙowa a allon mutum shi ne zangon ƙarshe na wannan doguwar tafiya, kuma shi kaɗai ne zangon da yake hannun mai kwamfuta.

Akwai wani abu da yawancin masu jinkiri ba su lura da shi ba, alhali shi ne ƙashin bayan maganar. Mutum yakan ɗauka cewa idan ya ƙi sabuntawa, kwamfutarsa tana nan yadda take jiya, bai ci riba ba, bai kuma yi asara ba. Ai ba haka lissafin yake ba. Ranar da faci ya fito, ranar ce asirin kafar ya tonu. Masu kutse suna sauke facin kamar kowa, su ɗora tsohon fayil kusa da sabo, su duba inda aka canza, daga nan su gane ainihin inda raunin yake da yadda za a bi ta cikinsa. Kamar maƙeri ne ya tsaya tsakiyar kasuwa ya yi shela cewa kwaɗon da ya sayar bara yana buɗuwa da kowane ɗan ƙarfe, duk wanda ya saya ya zo a canza masa kyauta. Masu kwaɗon sun ji, ɓarawo ma ya ji, kuma wanda ya ce sai kasuwa mai zuwa ya fi shiga haɗari yau fiye da kafin a yi shelar. Saboda haka tazarar da ke tsakanin fitowar faci da ɗora shi ita ce lokacin da kwamfuta ta fi zama a buɗe.

Babu shaidar da ta fi abin da ya faru a 2017 fitowa fili. Ranar 14 ga Maris na shekarar, Microsoft ya fitar da faci mai lamba MS17-010, wanda ya toshe wata kafa a tsohuwar hanyar da kwamfutocin Windows ke musayar fayiloli da juna a cikin ofis. Wata guda bayan haka, wasu masu kutse da ke kiran kansu Shadow Brokers suka watsa wa duniya wani makamin kutse mai suna EternalBlue, wanda aka danganta ƙirarsa da hukumar leƙen asirin Amurka ta NSA, kuma ta wannan kafar yake shiga. Ranar 12 ga Mayu sai ga WannaCry, muguwar manhajar da ke kulle fayilolin mutum ta nemi fansar dala 300 a kuɗin Bitcoin. Ba ta buƙatar kowa ya latsa wani abu ko ya buɗe wata wasiƙa. Da kanta take tsallakawa daga wannan na'ura zuwa waccan. Cikin 'yan kwanaki ta kama kwamfutoci sama da 200,000 a ƙasashe kusan 150. A Ingila ta taɓa kimanin kashi ɗaya cikin uku na hukumomin asibitocin gwamnati, aka soke ganin likita da aikin tiyata kusan 19,000, wasu asibitoci suka riƙa juya motocin ɗaukar marasa lafiya zuwa wasu wurare, daga baya gwamnati ta ƙiyasta asarar a kan fam miliyan 92. An yi ta ɗora laifi a kan tsohuwar Windows XP wadda aka daina kula da ita tun 2014, amma da bincike ya zo, sai aka ga mafi rinjayen na'urorin da abin ya shafa Windows 7 suke ɗauke da ita, wadda a lokacin ana ba ta faci, kuma facinta ya kusan wata biyu yana jira. Wani matashi ɗan Birtaniya, Marcus Hutchins, shi ya rage gudun annobar da ya yi rajistar wani adireshin intanet da ya gani a cikinta, amma wanda duk ya karɓi facin Maris bai ma buƙaci wannan dacen ba.

Ba kuma wannan ne karo na farko ba. Muguwar manhajar Blaster ta 2003 ta ɓarke ne a watan Agusta, alhali facinta ya fito tun Yuli. Conficker ta bayyana a Nuwamban 2008, facinta kuwa tun Oktoba yake, kuma wani nau'inta ya riƙa bin filashi daga kwamfuta zuwa kwamfuta, abin da ya kamata duk mai shagon buga takardu ya riƙe, tunda filashin mutane nawa ne ke shiga na'urarsa a yini. Wannan tarihi ya isa amsa ga mai cewa, "To ni me nake da shi da wani zai sata?" Irin waɗannan manhajoji ba sa tambayar waye mai na'ura ko nawa ke asusunsa, suna laluben duk adireshin da ke buɗe ne. Kundin digirin ɗalibi, lissafin bashin ɗan kasuwa, sakamakon jarabawar makaranta, hotunan iyali, duk ba su da daraja a wurin ɓarawo har sai ya kulle su, daga nan darajarsu ta zama duk abin da mai su zai iya biya. Ko da babu komai a ciki, burauza tana riƙe da kalmomin sirri na imel da na banki, na'urar kanta kuma ana iya mayar da ita ɗaya daga cikin dubban da ake turawa su kai hari wani wuri, da datar mai ita da wutarsa.

Domin a ga cewa sabuntawa za ta iya zama abu mai tsari da natsuwa, yana da kyau a leƙa yadda dangin Linux ke yi. Debian, wadda Ian Murdock ya assasa a 1993, da Ubuntu da ta fito daga jikinta a 2004 a ƙarƙashin Mark Shuttleworth ɗan Afirka ta Kudu, ba sa ɗaukar kwamfuta a matsayin dunƙule guda. Komai an raba shi ƙunshi-ƙunshi: burauza ƙunshi ce, manhajar rubutu ƙunshi ce, ɗan guntun da ke buɗe hoto shi ma ƙunshi ne, kuma kowane ƙunshi yana ɗauke da bayanin waɗanda yake dogara da su. Dukansu suna zaune a rumbu ɗaya a intanet, an buga musu hatimin lissafi wanda kwamfuta ke dubawa kafin ta karɓa, ta yadda in wani ya taɓa ƙunshin a hanya za ta ƙi shi. Manhajar da ke kula da wannan ita ce APT. Umarnin apt update yana ɗauko jerin abin da ke rumbun ne kawai, ya gwada da abin da ke cikin na'ura. Apt upgrade shi ke saukewa ya ɗora. Ɗan saƙon da mai Ubuntu ko Linux Mint ke gani a allonsa waɗannan ayyuka biyu yake yi masa ba tare da ya rubuta komai ba. Amfanin tsarin ya fito a Satumban 2023, lokacin da aka gano mummunar kafa a libwebp, guntun da ke buɗe wani nau'in hoto na intanet. Duk manhajojin da ke aron guntun daga tsarin sun warke da faci guda, amma waɗanda suka ƙunso nasu kwafin a cikinsu sai da kowace ta fitar da nata gyaran daban, mai kwamfuta kuma ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Mai Windows ya san wannan wahala: burauza da nata saƙon, manhajar karanta PDF da nata, kowace da lokacinta. Microsoft ma ya ga hikimar, ya fito da nasa mai kula da ƙunshi, winget, a 2020.

Abin da ya fi burge ni a tsarin Debian, wanda kuma hujjata ta jingina da shi, shi ne ƙa'idarsu a kan fitowar da suka kira tsayayya. Idan aka gano kafa a wata manhaja, yawanci ba sa turo wa mutum sabon samfurinta mai sabbin maɓallai da sabuwar fuska. Sukan zare gyaran kaɗai su ɗora shi a kan tsohon samfurin da mutum ya saba da shi. Ya wayi gari kwamfutarsa tana nan yadda ya san ta, illa kafar ta toshe. Ubuntu kuma tana fitar da samfuri mai dogon zango duk bayan shekara biyu a watan Afrilu, da alƙawarin facin tsaro na shekara biyar, kuma ƙaura daga wani samfurin zuwa wani mataki ne daban da ake tambayar mutum a kansa ƙarara. Wannan ya nuna cewa raba facin tsaro da sauran canje-canje abu ne mai yiwuwa. Duk inda aka cakuɗa su, zaɓi aka yi. Batun kashewa da kunnawa kuwa, wanda ya fi ɓata wa mutane rai, shi ma yana da dalili. Faci yana canza fayil ɗin da ke ajiye ne, amma tsohon umarnin da na'ura ta riga ta ɗauka tana aiki da shi yana nan a ƙwaƙwalwarta har sai an sake tashinta. Wanda ya sauke faci ya bar laftof ɗinsa yana rufewa yana buɗewa makonni ba tare da ya sake kunna shi ba, ya biya kuɗin data amma kafar tana nan.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne cewa sabuntawa kanta tana ɓata kwamfuta, kuma masu faɗar haka ba ƙarya suke yi ba. A Oktoban 2018 Microsoft ya janye wata babbar sabuntawa ta Windows 10 'yan kwanaki bayan fitar da ita, saboda ta share wa wasu mutane fayilolinsu. Ranar 19 ga Yulin 2024 kuma kamfanin tsaro na CrowdStrike ya tura wani ɗan fayil mai kuskure, na'urorin Windows kimanin miliyan 8.5 suka faɗi suka kasa tashi, jirage suka kasa tashi a filaye da dama, bankuna da asibitoci da gidajen talabijin suka tsaya cik, aka riƙa bin na'urori ɗaya-ɗaya da hannu ana gyarawa. Babu mai hankalin da zai raina wannan. Sai dai a duba abin da kowane ya koyar. Ta 2018 babbar sabuntawa ce mai kawo sabbin abubuwa, irin wadda babu laifi mutum ya bar ta ta yi 'yan makonni a hannun wasu kafin ya karɓa. Ta CrowdStrike kuwa manhajar manyan ma'aikatu ce, ba ta hanyar Windows Update ta zo ba, kuma babban aibinta shi ne an tura ta ga kowa a lokaci guda. Bayan abin ya faru kamfanin ya yi alƙawarin riƙa turawa kashi-kashi. Ubuntu tana yin haka ga gyare-gyaren da ba na tsaro ba: a fara ba wa kaɗan, in ba a ji kuka ba a ƙara, shi ya sa wani lokaci APT kan ce ya ajiye wasu ƙunshi tukuna, mutum ya zaci wani abu ya lalace. Sannan ɓarnar faci mai kuskure tana da magani, domin wanda ya yi shi sananne ne, yana gaggawar gyarawa, Windows tana barin a cire facin da ya kawo matsala, Linux Mint tana zuwa da Timeshift mai mayar da na'ura yadda take kafin a taɓa ta. Wanda ya kulle fayiloli don fansa ba ya bin kowa da gyara. Kariya daga duka biyun kuma ɗaya ce, wato kwafin muhimman fayiloli a wani faifai da ba ya manne da kwamfutar kullum.

Wani ƙorafin ya fi wannan zurfi: idan hanyar sabuntawar ce kanta aka bi aka shigo fa? Ya faru. A Yunin 2017 an cusa wata muguwar manhaja mai suna NotPetya cikin sabuntawar wata manhajar lissafin haraji ta ƙasar Yukren mai suna M.E.Doc, ta bazu har ta durƙusar da kamfanin jiragen ruwa na Maersk, wanda ya ce ya yi asarar da ta kai dala miliyan 300. A 2020 aka gano an yi wa sabuntawar manhajar kamfanin SolarWinds irin wannan, kusan abokan ciniki 18,000 suka sauke ta. A Maris na 2024 kuma wani injiniya, Andres Freund, ya lura shiga wata na'ura ta nesa yana ɗaukar kamar rabin daƙiƙa fiye da yadda ya saba, ya bi diddigi har ya tono ƙofar baya da wani ya dasa a cikin xz, ƙaramin ƙunshin matse fayiloli da ke cikin kusan kowace Linux, bayan mai dasa ƙofar ya shafe kimanin shekara biyu yana neman yardar mai kula da shi. Waɗannan suna da ban tsoro, amma ba sa goyon bayan mai ƙin faci. Irin wannan hari yana buƙatar shiri mai tsawo da kuɗi mai yawa, shi ya sa ake iya ƙirga manyansa da yatsu, alhali bin tsohuwar kafar da aka riga aka sanar abu ne na kowace rana da ƙaramin ɗan damfara ma zai iya. A Debian da takwararta Fedora, gurɓataccen xz ya tsaya ne a samfuran gwaji, bai kai ga tsayayyun samfuran da jama'a ke amfani da su ba. NotPetya ma, bayan ta shiga, EternalBlue na cikin makaman da ta yi amfani da su wajen yaɗuwa, wata uku bayan facin Maris. Abin da ya fi kusa da mai kwamfuta a gida shi ne saƙon bogi: shafin intanet ya buɗe da jan rubutu yana cewa burauzarka ta tsufa, latsa nan. Sabuntawa ta gaskiya daga cikin saitin kwamfuta ko daga cikin manhajar kanta take zuwa, ba ta zuwa ta shafin da mutum ke karantawa, ko ta imel, ko ta WhatsApp.

To me ya sa mutane suka tsani saƙon da ke kare su? A nan ne dole kamfanoni su ɗauki nasu. Daga 2015 zuwa 2016 Microsoft ya bi ta wannan hanya ta Windows Update ya dasa wa masu Windows 7 da 8.1 wata 'yar manhaja da ke matsa musu su koma Windows 10. Wasu an sauke musu gigabait da dama na sabon tsarin ba tare da sun nema ba. A Mayun 2016 abin ya kai ga cewa latsa alamar rufe saƙon, wadda kowa ya sani tana nufin "a'a", ba ya soke ƙaurar da aka riga aka tsara wa na'urar. Mutane da yawa, don su kuɓuta, suka kashe sabuntawa gaba ɗaya, kuma shekara guda bayan haka WannaCry ta zo ta sami ɗimbin na'urorin Windows 7 babu faci. Ba zan ce wannan ne ya haifar da wancan ba, domin asibitoci da ma'aikatu suna da nasu dalilan sakaci, amma duk wanda ya koya wa jama'a jin tsoron saƙon tsaro ya yi wa kowa ɓarna. Ga kuma kashe na'ura ana tsakiyar aiki, da tallace-tallacen da ke biyo bayan sabuntawa, da saitin da mutum ya gyara ya tarar an mayar. Ko Canonical, mai Ubuntu, ya sha suka a 2022 da ya sa tallar Ubuntu Pro a cikin bayanin da APT ke nunawa. Mutumin da aka ce masa "muhimmin gyara" sau uku, ya karɓa ya tarar talla ce, ba za a zarge shi ba in ya yi biris a karo na huɗu, sai dai kash, na huɗun ne zai iya zama na gaske. Microsoft ya ɗan ja da baya a 2019, ya bar masu Windows ta gida su dakatar da sabuntawa har kwana 35, ya kuma ware manyan sabuntawa a matsayin abin da mutum zai latsa da kansa.

Akwai kuma ƙorafin da ya fi shafar mai karatu a Kano ko Maradi ko Kumasi, wanda masu tsara waɗannan saƙonni a ƙasashen da intanet da wuta ba sa yankewa ba su cika tunawa da shi ba: data kuɗi ce, wuta kuma ba ta da tabbas. Facin wata na Windows yakan kai ɗaruruwan megabait, babbar sabuntawa kuma gigabait da yawa, wanda ke jona kwamfuta da wayarsa yana iya ganin datar wata ta ƙare a zama ɗaya. Wannan matsala ce ta gaske, amma maganinta bai kai ga toshe hanyar ba. A saitin Windows ana iya shaida wa na'ura cewa wannan layin na awo ne, sai ta taƙaita abin da take saukewa. Ana iya faɗa mata sa'o'in aiki don kada ta sake kunna kanta a cikinsu. Ana iya ɗaga saukewar zuwa dare, lokacin da kamfanonin waya ke sayar da data da rahusa. Ofis ko makaranta ko cibiyar jarabawa mai kwamfutoci da yawa ba ta buƙatar kowace ta sauke nata: Windows tana iya raba abin da ɗaya ta sauke ga sauran da ke layi ɗaya, a Debian da Ubuntu kuma apt-cacher-ng yana yin wannan aikin. Game da wuta, tsoron yana da tushe, domin ɗaukewarta ana tsakiyar ɗora faci na iya hana na'ura tashi, musamman in gyaran ya shafi BIOS. Mai laftof ya bari batir ya cika kafin ya fara, mai kwamfutar tebur kuma ya yi a lokacin da janareta ko UPS ke riƙe da ita. Wanda Windows ɗinsa ba ta biyan kuɗi ba ce, yana tsoron kada a gane shi, ya sani Microsoft ya daɗe yana barin facin tsaro ya isa ga irin waɗannan na'urori. Haɗarinsa na gaske yana cikin manhajar fasa lasisin da aka ɗora masa daga inda ba a sani ba.

Yanayi mafi haɗari shi ne wanda saƙon ya daina zuwa gaba ɗaya, mutum ya ji ya huta. Windows 7 ta daina samun faci a Janairun 2020. Windows 10 ta kai ƙarshen wa'adinta ranar 14 ga Oktoban 2025, sai dai an buɗe wa masu amfani da ita a gida shirin ƙarin shekara guda ga wanda ya yi rajista. Windows 11 kuwa tana neman na'ura mai guntun tsaro na TPM 2.0 da ƙwaƙwalwa ta baya-bayan nan, sharaɗin da ya bar miliyoyin kwamfutoci masu lafiya a waje. Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin laftof ɗin gwanjo da ake saukewa a kasuwanninmu yawanci waɗanda ma'aikatun Turai da Amurka suka sallama ne, kuma a irin wannan lokaci ne suke sallamar su da yawa. Mai saye yakan duba batir da allo da girman ma'ajiya, ya kamata ya ƙara da tambayar ko na'urar tana karɓar tsarin da har yanzu ake ba faci. In ba ta karɓa, Linux Mint ko Ubuntu za su ba ta ƙarin shekaru kyauta, kuma sun ishi mai rubutu da lissafi da hawa intanet. Mai zanen da abincinsa ke kan CorelDRAW ko Photoshop ba zai ji daɗin wannan shawara ba, tunda ba a yi su don Linux ba. Shi mafitarsa ita ce ya cire tsohuwar na'urar daga intanet, ya kula da filashin da ke shiga cikinta, ya yi harkar imel da banki a wata dabam.

Nauyin bai kamata ya tsaya a kan mutum ɗaya da ke gaban allo ba. Saƙo nagari zai faɗa wa mutum da harshe mai sauƙi ko wannan gyaran na tsaro ne ko na ƙawa, nawa ne girmansa, minti nawa zai ɗauka, ko an riga an ga masu kutse suna bin kafar, sannan ya bar shi ya zaɓi sa'ar da ta dace a cikin ɗan wa'adi. Tarayyar Turai ta fara mayar da wani ɓangare na wannan doka. Dokarta ta juriyar kayan intanet, wadda ta fara aiki a Disamban 2024 kuma manyan sharuɗɗanta za su hau kan kamfanoni a Disamban 2027, ta wajabta wa masu ƙera manhaja da na'urori su riƙa ba da facin tsaro kyauta na tsawon wa'adin da a ƙa'ida ba zai gaza shekara biyar ba, kuma su ware shi daga sabuntawar da ke kawo sabbin abubuwa duk inda hakan zai yiwu. Tunda kamfanonin nan samfuri ɗaya suke yi wa duniya, akwai fatan amfanin zai iso har inda dokar ba ta da iko. A Najeriya kuma Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ɗora wa duk mai riƙe bayanan jama'a alhakin tsare su, abin da ke nufin asibiti mai zaman kansa, da makaranta, da ofishin lauya, da ƙaramin bankin unguwa, duk suna buƙatar a san sunan wanda aikinsa ne ya duba facin kwamfutocinsu kowane wata, a kuma ware masa kuɗin data da lokacin yin aikin a cikin kasafin ma'aikatar.